Gasasshen kifin debarkade a Kribi: na je, na ci

Ni mutumin Garwa ne, a bakin Binuwai na tashi, don haka idan ana zancen kifi ba na bari a yi mini ƙarya. Giwan ruwa, karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, duk wanda ke fitowa daga tafkin Lagdo na san ɗanɗanonsa. Ƙanina yana aiki a Kribi, garin bakin teku a kudancin ƙasarmu Kamaru, a tashar jiragen ruwan da aka buɗe a 2018, kuma tun da ya koma can ya ishe ni da cewa kifin teku ya fi namu. A hutun yara na Disamba muka ɗaura niyya, ni da uwargida da yara uku: mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sai bas da ta bi ta Edeya ta sauke mu a Kribi, duk mun yi laushi.

Wurin da ya kai mu ana ce masa debarkade, wato inda masunta ke sauke kifi, a bakin kogin Kienke dab da inda yake shiga teku. Ranar Asabar muka je, lokacin da kwale-kwale ke dawowa. Ba gidan abinci ba ne irin wanda za a miƙo maka takarda ka zaɓa. Kai za ka shiga cikin masu kifi da ƙafarka, ka duba, ka taya, ka biya, sannan ka ɗauki abinka zuwa rumfunan da ke gefe, inda mata ke gasawa a kan garwashi. Kuɗin kifi daban, kuɗin gashi daban.

A wajen ciniki ne na gane hulata ta yi mini tsada. Ina isa, sai “Alaji! Alaji!” ta ko'ina, kuma kuɗin da aka faɗa mini ya kusa ninka wanda na ji an faɗa wa wata 'yar gari a kan irin kifin. Ƙanina ya ce, “Yaya, ka koma baya ka yi shiru.” Shi ya gama cinikin. Muka ɗauki manyan kifin da suke kira bar guda biyu, da wani shimfiɗaɗɗe mai ido biyu a gefe ɗaya da suke kira sol, da tulin jatan lande.

Matar da ta gasa mana, wata dattijuwa da kowa ke kira Mama, ta tsattsaga jikin kifin ta cusa masa wani niƙaƙƙen haɗi. Na gane tafarnuwa da citta da barkono, sauran ƙamshin kuwa ba na yankinmu ba ne. Tana juyawa tana shafa mai da ɗan buroshi. Da ya iso, fatar ta yi ƙus-ƙus, tsokar fara sol, tana ɓarewa fale-fale ba ƙananan ƙayoyi. Babu ƙarnin laka ko kaɗan, wanda ko mu masu son tarwaɗa mun san da shi. Aka haɗo da soyayyen agade da miyondo, wato rogon da aka jiƙa aka niƙa aka naɗe a ganye aka dafa. Yana da ɗan tsami, yara ba su so shi ba, ni kuwa na ga ya dace da yajin. Shi yajin a yi hattara da shi, ba irin na masu tsire ba ne, ɗanyen barkono ne mai sa hawaye.

Uwargida ta ƙi taɓa jatan lande, wai ƙwaro ne. Na ce mata, “Hajiya, ke da kike aika yara sayen fara? Ai wannan farar ruwa ce.” Ta ɗanɗana ɗaya, ba ta sake magana ba sai da farantin ya kusa ƙarewa. Dama sunan ƙasarmu Kamaru ma daga wannan halitta ya fito, don Turawan Fotugal da suka shiga kogin Wuri a 1472 sun kira shi Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande da harshensu.

Abin da bai yi mini ba: mun jira fiye da awa ɗaya, yara har sun fara gyangyaɗi. Ana sayar da giya a yawancin rumfunan, teburin da ke kusa da mu ma cike yake da kwalabe, sai da muka nemi a matsar da mu can ƙarshe wajen ruwa. Ƙudaje ma ba a magana. Wurin alwala mai tsabta ban samu ba, dole muka hau babur zuwa masallaci a cikin gari muka yi La'asar. Wanda zai je da iyali ya je da rana tsaka, kafin wurin ya cika, kuma ya tsaya ya ga an ɗora kifinsa a wuta, don kifaye da yawa ke kan waya ɗaya.

Washegari muka je gangaren ruwan Lobe, kilomita bakwai kudu da gari, inda kogi ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Ya cancanci gani, kuma 'yan kwale-kwale na kai mutum har inda feshin ruwa zai jiƙa shi, amma a gama ciniki tun a tudu. Sun yi mana tayin haurawa da mu kogi mu ga ƙauyen Bagyeli, mutanen daji. Na ƙi, don ban ga dalilin biyan kuɗi in je kallon mutane a gidajensu ba. Da yamma muka tsaya a hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, yara suka yi ta gudun igiyar ruwa.

A tasha ƙanina ya tambaye ni wane kifi ya yi nasara. Na ce a gashi na ba su, amma ya zo Garwa Hajiya ta yi masa farfesun ragon ruwa, sannan mu sake zama.