Amager Bakke: Tashar Da Ke Cin Shara Ta Ba Da Wuta

Tashar Amager Bakke da ke Kopenhagen a ƙasar Denmak, mai ƙona shara ta samar da lantarki da zafi, ta fara aiki a 2017. An fi saninta da filin wasan zamiya da aka buɗe a kan rufinta a 2019, amma aikin da ake yi a ciki shi ya cancanci yabo.

Motoci na juye shara a wani makeken rami. Kireni, wato injin ɗaga kaya, ya riƙa cakuɗa jiƙaƙƙiya da busasshiya, domin idan danshi ya yi yawa wutar sai ta yi sanyi. Daga nan sai tanderu biyu, kowanne na iya cinye tan 35 a awa ɗaya. Sharar na gangarawa a kan rariyar ƙarfe mai motsi, iska na hurowa ta ƙasa. Dokar Tarayyar Turai ta ce hayaƙin ya kai digiri 850 na aƙalla daƙiƙa biyu, don gubar dayoksin ta lalace.

Zafin ne ke mai da ruwa tururi mai digiri 440, shi kuma ya juya injin da ke jan janareta. Tashar kwal ta fi haka zafin tururi, amma a nan ba a kuskura ba: sinadarin kulorin da ke cikin robobi yana cinye bututun tukunyar da ke dafa ruwan idan zafi ya wuce kima. Shi ya sa wutar lantarkin da ake samu daga shara ba ta taka kara ta karya ba. Inda tashar ta ciri tuta shi ne ragowar zafin, wanda ake tura shi ta bututun ruwa yana ɗumama gidajen birnin. Garin da ba shi da irin waɗannan bututu, kaso mai tsoka na wannan ƙarfi a iska zai tafi.

Tace hayaƙi kuwa sai sam barka. A cire ƙura, a fesa sinadarin amoniya, a wanke da ruwa. Daga tokar da ta rage a ƙasan tanderu ana tsamo ƙarfe da maganaɗisu, saura a yi cikon hanya. Tokar da aka tace daga hayaƙi ce mai guba, ita ake killacewa.

Babban aibin dai girma ne. Tashar ta fi ƙarfin sharar yankinta, har ana shigo da wata daga ƙasashen waje don kada tanderu ya zauna da yunwa, kuma robar da ke cikinta daga man fetur aka yi ta, don haka ƙona ta tamkar ƙona man fetur ne.