Kwas ɗin kwana uku na noma mai ɗorewa a gefen Marwa: abin ɗauka da abin gyarawa

Kwas ne na share fage kan famakalca, tsarin noman da Bill Mollison da David Holmgren suka fito da shi a Ostireliya, suka buga littafinsu na farko a 1978. Wata ƙungiyar manoma ce ke shirya shi a wani lambu da ke bayan garin Marwa a arewacin Kamaru, da rani, tsawon kwana uku. Cikakken kwas ɗin da ake ba da shaidar iya tsara gona awa 72 ne. Wannan ɗanɗano ne kawai, kuma masu shirya shi ba sa ɓoye hakan.

Ranar farko ta fi yawan magana: kula da ƙasa, kula da mutane, raba abin da ya yi rara, sai kasa fili zuwa shiyyoyi gwargwadon yawan zuwan da ake yi musu, tun daga bakin madafa inda za a sa zogale da yakuwa har zuwa dajin da ba a taɓawa. Rabin yini ya isa wannan. Abu ɗaya da ya cancanci a rubuta shi ne lissafin ruwan rufi: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Marwa na samun kusan milimita 800 a shekara, saboda haka kwanon ɗaki mai murabba'in mita 40 yana zubar da kusan lita 32,000 a tsakar gida, yawancinsa daga Yuni zuwa Satumba.

Ranar biyu ce ta biya kuɗin kwas ɗin. Ana haɗa ma'aunin gangare da hannu, wanda da shi ake jan layin kunyar tare ruwa: sanduna biyu masu tsawon mita biyu a ɗaure kansu, ta uku mai mita ɗaya a gicciye a tsakiya, igiya ta sauko daga sama da dutse a ƙarshenta. Malamin ba ya barin kowa ya fara awo sai an daidaita shi. A tsayar da ƙafafun a ƙasa, a ja alama inda igiya ta taɓa sandar gicciye, a juya ƙafafun kowace ta koma gurbin 'yar'uwarta, a sake jan alama, sannan tsakiyar alamomin biyu ita ce daidai. Wanda ya tsallake wannan zai ja layi mai karkata, ruwa ya taru a gefe guda, ya fasa kunya a ruwan farko mai ƙarfi, ya bar masa kwazazzabo inda da babu. Ana kuma nuna yadda ake barin mafitar ruwa mai faɗin mita ɗaya a jikin kunyar, ƙasa da bakinta da kamar taƙi ɗaya, a shimfiɗe ta da duwatsu, a dasa gamba ko jema a bayanta don saiwa ta riƙe ƙasar. Wannan darasi ya fito tsaf, kuma kowa na riƙe ma'aunin da hannunsa.

Ramin shuka mai tare ruwa da ake kira "zai" ma an koyar da shi yadda ya kamata, har da tarihin Yacouba Sawadogo na Burkina Faso da ya farfaɗo da shi. Faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, ƙasar da aka haƙo a tara ta a gefen gangare kamar jinjirin wata, a zuba taki cikin tafi biyu tun kafin ruwa ya sauka, gara ta shiga ta huda ƙasar. Abin da ba a faɗa ba shi ne nauyin aikin. In aka bar tazarar santimita 80 tsakanin ramuka, hekta ɗaya ramuka 15,625 ne, a kan fako mai taurin da sai da dagi, cikin zafin Maris da Afrilu. In kowane rami ya ci giram 300, takin ya haura tan huɗu da rabi. Ya kamata a ce wa mutane su fara da kwatar hekta.

Babban aibin kwas ɗin yana cikin takardun da ake rabawa. Da Faransanci suke, kuma zane-zanensu na ƙasashe masu yawan ruwa ne: zoben ayaba, tafkin kifi, gona lulluɓe da ciyawa mai kauri. Shawarar a rufe ƙasa da kara gaskiya ce a kimiyyance, don tana rage zafin ƙasa da ƙafewar danshi. To amma karan dawa a nan abincin dabbobi ne, dangar gida ce, makamashi ne, kuma bayan girbi shanu na ratsa gonaki. Wanda ya shimfiɗa kara ba shinge, ba yarjejeniya da makiyayi, kafin Fabrairu ba zai tarar da komai ba. Ba a ware ko awa ɗaya ga wannan ba, alhali tsohuwar al'adar sauke garke a gona, makiyayi ya samu kara, manomi ya samu kashin shanu, ta fi duk wani zane da ke cikin takardun dacewa da manufar kwas ɗin.

Haka kuma ba a bambanta ƙasa da ƙasa. Ramin tare ruwan da ya yi aiki a kan fako, in aka kai shi karal, baƙar lakar da ake dasa masakwa, sai ruwa ya kwanta ya ruɓar da saiwa, don lakar na kumbura ta toshe in ta jiƙe. A jigawa kuwa bakin ramin zubewa yake yi. Mutanen duwatsun Mandara sun daɗe suna gina matakalar dutse a gonakinsu, ga su nan kusa a hanyar Mokolo, amma ko ambatonsu ba a yi ba. Abin da zafi.

Rana ta uku takin gida ne da itatuwa. Tulin taki mita ɗaya ta kowane ɓangare, busasshen kara da ɗanyen ganye da kashin dabbobi hawa-hawa, a yayyafa ruwa har in an matsa a hannu ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. A soka sanda a tsakiya. In bayan kwana uku ta fito da sanyi, ko ruwa ya yi kaɗan ko kashin dabbobi. In yana wari, ruwa ya yi yawa, sai a juya a ƙara busasshe. Zafin da tulin ke yi ne ke kashe yawancin irin ciyawa. Sashen raya kututture, dabarar da ta bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980, gajere ne amma mai amfani: a zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafi ƙarfi a kututturen sabara ko kalgo, a sare sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Gawo kuwa a bar shi ko'ina ya fito, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya hana dawa rana.

Kwas ɗin ya dace da mai lambu, da malamin gona, da matan da ke son gyara bayan gida. Mai zuwa ya tafi da zanen filinsa, ya nuna inda ruwa ke shigowa da inda yake fita da inda dabbobi ke bi, ya ɗebi ƙasar gonarsa a leda daga wuri biyu ko uku, ya kuma nemi a yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci in Faransanci zai ba shi wahala. Zaman watan Janairu ko Fabrairu ya fi, don a samu lokacin haƙa ramuka da tara taki kafin ruwan farko.