7mm Rem Mag ko .300 Win Mag: amsa ga mai shirin farautar elk a Kolorado

Ɗan'uwa, tunda tsakanin bindiga mai ɗaukar harsashin 7mm Remington Magnum da mai ɗaukar .300 Winchester Magnum ka tsaya, kuma duwatsun Kolorado ta Amurka ka nufa a watan Oktoba don farautar elk, wata ƙatuwar dabbar dawa mai kama da barewa, ka ɗauki 7mm ka huta. Ita ce a hannuna, kuma ban ga abin da zai raba ni da ita ba.

A takarda ratar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Sa'annin juna ne ma: 7mm ta fito a 1962 tare da bindigar Remington 700, .300 ta biyo bayanta a 1963. Harsashin 7mm mai nauyin giren 160 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi) yana barin bakin bindiga da gudun kusan ƙafa 2,950 a sakan ɗaya, na .300 mai giren 180 shi ma kusan haka. In ka daidaita saitinka a yadi 200, duka biyun za su sauka kusan inci 20 a yadi 400, kusan inci 40 a yadi 500. Dokar Kolorado kuwa duka sun wuce ta nesa ba kusa ba, domin abin da ta nema ga elk shi ne bindigar da faɗin harsashinta bai gaza inci 0.24 ba, da harsashin da ya kai giren 85.

Bambancin a kafaɗa yake. Shurin .300 ya fi na 7mm da kusan kwata, kuma bindigar hawan dutse ana son ta marar nauyi, to iya rashin nauyinta iya zafin dukanta. Ka je filin koyon harbi ana gobe buɗe farauta ka zuba ido. Za ka ga ƙato ya kwanta bayan babbar magnum, kafin ya gama jan kunama ya riga ya runtse ido, kafaɗarsa ta zabura. Shi bai san yana yi ba. A yadi 100 wannan zaburar ba za ta hana shi samun allo ba, amma a yadi 450 ita ce za ta kai harsashi tumbi maimakon huhu. Da 7mm kana iya harba kwalin harsashi guda a zama ɗaya ka tashi lafiya, ka dawo mako mai zuwa da marmari. Harbin nesa kuma ba ya samuwa sai da wannan yawan maimaicin.

Tawa tsohuwa ce, ƙotar katako, duk ta sha ƙarzuna. A wata kakar da na samu lasisin harbin macen elk, mun hau tudu tun kafin asuba, ƙanƙara ta ɗan rufe ƙasa, numfashi yana yi mini wuya saboda tsayin wurin. Gari na wayewa sai ga garken ya fito daga cikin itatuwan aspen a ɗaya gefen kwarin. Na'urar auna nisa ta ba ni yadi 300 da ɗoriya. Na ajiye jakar bayana a kan dutse, na ɗora bindigar, na jira har zuciyata ta daina bugun hawan tudu, wata mace daga cikin garken kuma ta juyo mini da gefenta. Na yi bisimilla na ja. Harsashin Nosler Partition ne mai giren 160, ya shiga bayan kafaɗa ya fita ta ɗaya gefen. Ta yi 'yan taku ta durƙushe. Abin da ya fi burge ni shi ne ban rasa ta daga madubin saiti na dogon lokaci ba, nan da nan na sake ganinta, harsashi na biyu yana ciki, ban ma buƙace shi ba. Aikin gaske bayan nan ya fara, wato fiɗa da ɗauko naman a baya zuwa mota, kuma a nan ne za ka gode wa Allah da bindigarka ba ta cika nauyi ba.

Ita .300 ɗin ban ce ba ta aiki ba. Tana ɗaukar harsashi mai giren 200, sojojin Amurka ma suna harbin nesa da ita. Na riƙe ta na ɗan lokaci na sayar, don ba na ɗokin fita da ita.

Za a ce maka ka ɗaura mata abin rage shuri a baki. Yana ragewa kam, sai dai ƙarar da yake watsowa gefe tana iya lalata maka kunne, da na duk wanda ke kusa da kai, kuma a daji ba kullum ake samun sukunin toshe kunne ba. Za a kuma kwaɗaita maka sababbi irin su .300 PRC ta 2018 da 7mm PRC ta 2022. Suna da kyau, an yi su ne don dogayen harsasai masu keta iska. Amma ranar da jakarka ta ɓace a filin jirgi ka tsinci kanka a wani ɗan ƙauye, tsofaffin nan biyu su ne ka fi sa ran gani a kantin kayan farauta.

Maganar harbi daga yadi 600 da ka ambata, ka sassauta. Namijin elk ya kan kai kilo 300 ko fiye, ya ɗara gwanki, kuma yana da taurin rai. In ka same shi a mugun wuri zai tsallaka kwari biyu ya mutu inda ba mai ganinsa, ka yi asarar nama, ka ɗauki alhakin dabba. Iska mai gudun mil 10 a awa tana kautar da harsashi fiye da ƙafa ɗaya a yadi 500, kuma iskar kwari ba ta tafiya gefe ɗaya. Iyakarka ita ce nisan da kake samun faranti kowane harbi, kana kwance a ƙasa ba a kan tebur ba. Ga yawancinmu wannan bai wuce yadi 400 ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara wajen saye. Magnum tana cin bututu, wuta tana ƙone farkon zanen da ke ciki, daga waje kuma bindigar tana ƙyalli kamar sabuwa. Duk mai sayar da ta hannu zai rantse maka kwali biyu kawai aka harba. Ka ce a zura 'yar kyamarar duba bututu a gabanka, in ya fara kame-kame ka kama hanyarka. Kada ka sayi harsashin da wani ya ɗura da hannunsa a gida, komai arharsa, domin ba ka san yawan albarushin da ya zuba ba. Shafukan intanet masu tallan harsashi rabin kuɗi, waɗanda ba sa karɓar katin banki sai kuɗin kirifto ko turawa kai tsaye, 'yan damfara ne. Madubin saiti ma akwai jabu da ke ɗauke da sunan manyan kamfanoni, don haka ka tura lambar jikinsa ga kamfanin su tabbatar maka kafin ka biya.

Ka sayi 7mm, ka haɗa ta da harsashi mai giren 160 zuwa 175 wanda ba ya tarwatsewa in ya gamu da ƙashi, ka sayi kwalaye da yawa iri ɗaya lokaci guda. Rarar kuɗin ka zuba a madubi mai kyau da takalmin hawan dutse, ka fara tafiya da kaya a baya tun yanzu kafin Oktoba.