Ba a sayar da lasisin wakilin 'yan ƙwallo, a yi hattara da masu tallarsa a waya

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk matashin da ke burin zama wakilin 'yan ƙwallon ƙafa, wato mai shiga tsakanin ɗan wasa da ƙungiya a ƙulla ciniki ya ci la'adarsa. Akwai wasu da ke yawo a Facebook da Instagram da Telegram suna tallar wai za su mayar da mutum wakili mai lasisin FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, cikin 'yan makonni, ba jarrabawa ba wahala. Ƙanina ya faɗa hannunsu. Kuɗinsa da suka ci shi ne ƙaramin abu a cikin abin da ya same shi, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba. Ba zan kama sunansu ba, don suna a wurinsu riga ce, yau su sa wannan gobe su tuɓe.

Tallar tasu tana da kyan gani. Hoton wani mutum ne cikin kwat a bakin fili, yana musabaha da wani yaro da ke riƙe da rigar ƙungiya, ana murmushi. Da ka tura saƙo sai a jefa ka cikin wani zaure na WhatsApp, inda kullum ake kawo labarin manyan wakilan 'yan wasa irin su Jorge Mendes da marigayi Mino Raiola. Za a ce maka ai Raiola a gidan abincin iyayensa ya fara aiki a Holan, ga shi ya zama wanda ya tsaya a cinikin mayar da Paul Pogba Manchester United a 2016. Labarin gaskiya ne, kuma da gaskiyar ake kama mutum. A zauren akwai wasu uku ko huɗu da ba sa gajiya da godiya, wannan ya ce ya kai yaro Fotugal, wancan ya ce la'adarsa ta shigo jiya. Daga baya muka lura duk salon rubutunsu ɗaya ne, har kuskuren da suke yi iri ɗaya.

Sai biya ya fara. Kuɗin rajista, kuɗin kwas, kuɗin katin shaida, sannan babban, wanda suka kira kuɗin lasisi. Kowanne da wa'adinsa, wai gurbi ya kusa cika. Asusun da ake turawa kuwa sunan wani mutum ne a kai, ba sunan kamfanin ba.

Ranar da takardar lasisin ta iso ƙanina ya zo ya nuna mini a wayarsa, baki har kunne. Ga zane mai ruwan zinare a gefe, ga tambarin FIFA a sama, ga hotonsa, ga wata doguwar lamba. A ƙasa an rubuta cewa kamfanin ne ke riƙe da lasisi, shi kuma an ba shi izinin aiki a ƙarƙashinsu. Ni ma a lokacin ban san komai a harkar ba, na ce masa Allah ya sanya albarka. Da na san abin da na sani yanzu, wannan layin na ƙasa kaɗai ya isa, domin FIFA ba ta ba kamfani lasisi. Mutum ɗaya take ba wa, da sunansa, kuma ba a aronsa, ba a gadonsa, ba a raba shi da wani.

Ga yadda abin yake a zahiri. A 2015 FIFA ta soke tsarin jarrabawa da lasisi, ta bar wa hukumomin ƙwallo na ƙasashe su riƙa yi wa masu shiga tsakani rajista. Harkar ta zama kowa ya samu, sai FIFA ta dawo da lasisin da sabuwar doka a Janairun 2023, kuma daga 1 ga Oktoban shekarar ya zama mai lasisi ne kawai zai yi wannan aiki. Mai nema shi da kansa zai shiga shafin FIFA na wakilai ya cike takarda, a duba ko yana da tabon laifi irin na zamba ko cin hanci, sannan ya zauna jarrabawa. Tambaya 20 ce cikin minti 60, kuma sai ka ci 15. A ji kamar wasa, amma a zaman farko na Afrilun 2023 kusan rabin waɗanda suka zauna sun faɗi. Wanda ya ci shi ne zai biya kuɗin lasisi na shekara, dala 600 lokacin da aka fara, kuma hannun FIFA kai tsaye yake zuwa. Dokokin da ake tambaya a kansu suna nan a shafinta kyauta. Waɗanda aka ɗauke wa jarrabawar su ne tsofaffin wakilai masu lasisi tun kafin 2015, su ma ƙofarsu ta rufe a ƙarshen Satumban 2023. Akwai masu koyar da shirin jarrabawa tsakani da Allah suna karɓar kuɗinsu, wannan ba laifi ba ne. Amma malami karatu yake ba ka, ba shi da lasisin da zai miƙa maka.

Da a nan abin ya tsaya, da mun ce kuɗin makaranta ya biya. Bayan kwana kaɗan sai suka kira shi suka ce ga aikinsa na farko: wata ƙungiya a Turai tana neman matasa biyar su je gwaji, ya nemo su. Yaron nan ya bi filaye yana kallon atisaye, ya zaɓi yara, ya shiga gidajensu ya zauna da iyayensu. Aka turo takardun gayyata, kowacce da sunan yaro da tambarin ƙungiyar da hatimi. Kowane gida zai biya kuɗin gwaji da na biza da inshora da tikitin jirgi. Kuma, a cewarsu, tunda shi ne wakili, kuɗin asusunsa za su shiga, shi ya rubuta rasit, sannan ya tura musu.

To a nan ne tarkon yake. Takardar da suka sayar masa ba don kuɗinta suka yi ta ba, fuska suke nema. Uban da ba zai taɓa tura wa baƙo a intanet ko sisi ba, zai miƙa wa yaron da ya sani, wanda ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe shi ya nuna masa takarda mai tambari.

Alamun duk suna nan a fili, idonmu ne bai san su ba. Dokar FIFA ta hana neman kuɗi ko karɓarsa a kan gwaji. Gwajin da za a tsallaka ƙasa yana da takardarsa ta musamman da ƙungiya da ɗan wasa za su sa wa hannu, ƙungiyar kuma ta shigar da ita cikin tsarin FIFA na musayar 'yan wasa aƙalla kwana 10 kafin a fara. Mu takardarmu ta zo ne daga adireshin Gmail, ba daga adireshin ƙungiyar ba. Ɗaya daga cikin yaran shekararsa 16, an kuma yi masa alkawarin kwantiragi da zarar ya gama gwaji, alhali ba a kai ɗan wasa wata ƙasa sai ya cika 18, in ban da 'yan dalilai ƙalilan da doka ta lissafa, kamar iyaye su yi ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba. Wakilin gaske ma ba ya taɓa harkar yaro ƙarami sai ya yi wani kwas na daban, kuma da amincewar iyaye a rubuce. Har yarjejeniyar da suka ba shi ya sa yaran su sa hannu ta shekara goma ce, ga shi doka ba ta yarda wakili ya ɗaure ɗan wasa fiye da shekara biyu ba.

Ranar da za a karɓi biza aka ce an ɗage. Aka sake ɗagewa. Aka nemi wani ƙarin kuɗi wai na ofishin jakadanci, da ya ce babu sai aka cire shi daga zauren, lambobin kuma suka daina shiga. Sun yi layar zana.

Sai a sannan muka yi abin da ya kamata a yi tun ranar farko. FIFA tana da kundin sunayen wakilai masu lasisi a shafinta, kowa na iya dubawa, ba a biyan komai. Muka sa sunan mai kwat ɗin, babu shi. Muka rubuta wa ƙungiyar ta adireshin da ke shafinta, suka amsa da layi biyu cewa ba su gayyaci kowa ba. A nan ma a kula, ganin suna a kundin bai wadatar ba, don wasu 'yan damfarar sunan wakilin gaske da hotonsa suke ɗauka. In an ce maka wane ne, nemi ofishinsa ta hanyar da kai ka samo, ba ta lambar da aka ba ka ba. Hukumar ƙwallo ta ƙasarka ma za ta iya tabbatar maka.

Iyayen yaran ba su san wani mai kwat ba, ƙanina suka sani, kuma sa hannunsa ne a kan rasit. Mahaifin ɗan shekara 16 ɗin ya zo da fasfon yaron sabo fil a hannunsa, ya zauna, bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Yaro, ni ba rigima na zo yi ba. Ka gaya mini abin da zan faɗa masa, don har yanzu jakarsa a ɗaure take." Na gwammace da zagi ya yi.

Mun kai ƙara wurin hukuma da duk saƙonni da shaidar turawa, kuma duk wanda abin ya shafa ya yi haka, kada ya goge komai saboda kunya. Ƙanina yana biyan gidajen nan biyar kaɗan-kaɗan, ya gama da biyu. Makon jiya tallar ta sake faɗo mini a waya, an sauya sunan kamfani, an sauya launin tambari, amma hoton musabahar shi ne dai, har da yaron mai riƙe da riga.