Firam ɗin katako na ɗaure sarbo: na gwada, ba zan koma gam ɗin kyandir ba

Shekara biyu ina haɗa jiragen soso na rimot, kuma duk sarbon da na taɓa sakawa da gam ɗin kyandir, wanda ake narkarwa da zafi, na manna shi. Sarbo shi ne ɗan injin nan da ke jan waya ya karkata wutsiya ko bayan fiffike. In ya motsa daga mazauninsa, jirgi ya daina jin maganarka. Gam ɗin yana riƙewa, ban musa ba, har ranar da na bar jirgi a bayan mota da rana tsaka a watan Afrilu, zafin Kano ya wuce digiri 40. Da la'asar na tashe shi. Sarbon fiffiken dama ya zame cikin gam da ya yi laushi, jirgin ya yi ta wulwulawa har ya kafa hanci a ƙasa.

Shi ya sa na yi odar waɗannan firam ta intanet, guda goma a leda, na siririn filawud da aka yanka da na'ura, daidai girman ƙaramin sarbon nan SG90 mai nauyin giram 9. Firam ɗin ake mannawa a jikin soso, sarbon kuma a ɗaure shi da sukuru biyu ta kunnuwansa. Ni da Araldite na manna, ɗan kaɗan, bayan na karce bayan katakon. Kada ka kuskura ka sa sufa-gulu, cinye farin soso yake yi kana kallo.

Inda suka burge ni shi ne ranar canji. Haƙoran giyar da ke cikin SG90 na roba ne, sauka ɗaya mai tsauri sai ka ji yana ƙara yana tsallake haƙori. A da sai na sa reza ina yanke gam, ina ɓantaro soso, ramin ya yi ta faɗi kamar bakin tulu. Yanzu kwance sukuru biyu ne, na zare, na sa MG90S mai haƙoran ƙarfe a gurbin, ko shayina bai huce ba. Kuma in ka kama hannun sarbon ka girgiza, ba ya lilo ko kaɗan, wanda shi ne ke sa wutsiya ta dawo tsakiya daidai.

Aibinsu? Kasuwa cike take da SG90 na jabu, kuma ba girmansu ɗaya ba. Biyu daga cikin nawa sai da na goge ramin da sanfefa kafin suka shiga. Katakon kuma yana tsagewa in ka danna sukuru ba ka fara huda masa hanya ba. Na fasa guda ɗaya a haka, laifina ne. A fiffike siriri ma firam ɗin yana ɗan fitowa waje, can har yanzu nakan naɗe sarbo da salatif ɗin takarda in manna a kwance, don gam ya kama salatif, ba jikin injin ba.

Firam ɗin ba su zo da robobin rage girgiza ba, don haka mai jirgin injin mai ya nemi wasu. Mu masu batir, sun wadatar. Saura guda uku a ledar, kuma akwai jirgin ƙanena da ke jiran layi.