Kwamfutar da ke sandarewa idan ta koma kan batir: sharhi kan aikin wani mai gyara a Damagaram

Duk wanda kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ke sandarewa, ya kamata ya lura da lokacin da abin yake faruwa kafin ya yarda a goge masa komai a sake zuba Windows. Tawa tana aiki lafiya muddin tana jone da caja, amma da zarar an ɗauke wuta ta koma kan batir, sai linzami ya tsaya cik, maɓallai su daina amsawa, wani lokaci ta farfaɗo bayan kamar rabin minti, wani lokaci kuma sai na danne maɓallin kunnawa na kashe ta da ƙarfi. An ba ni shawarwari iri-iri, daga mai cewa ƙwayar cuta ce zuwa mai cewa ƙurar hunturu ce ta toshe fanka. Daga ƙarshe na kai ta wurin wani mai gyara da ke kusa da kasuwar Dole.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sukurdireba ba. Tambayarsa ta farko ita ce: "Malam, tana yin haka kuwa idan caja na jiki?" Da na ce a'a, sai ya buɗe kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, wanda ake shiga ta hanyar rubuta eventvwr. Ya nuna mini lamba 41, ya ce wannan ba ta faɗar dalili, shaida ce kawai cewa kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Wadda ya tsaya a kanta ita ce lamba 129, mai nuna cewa faifan ajiya ya daina amsa kira har sai da aka sake tayar da shi.

Bayaninsa ya shiga kaina. Domin batir ya daɗe, Windows tana sa wasu sassa gyangyaɗi a duk lokacin da ba a aiki da su, kuma a tsarin wuta na yau da kullum tanadin ya fi tsanani a kan batir fiye da kan caja. Wasu fayafai, musamman idan manhajar da ke sarrafa su ta tsufa, ba sa farkawa da wuri, sai duk kwamfutar ta tsaya jiransu. Ya rubuta powercfg.cpl, ya shiga saitunan zurfi, ya kashe tanadin wutar layin PCI Express, wato hanyar da wasu sassan kwamfutar ke aika wa juna bayanai, a ɓangaren batir, sannan ya cire caja ya bar ta tana aiki a gabana. Ya kuma kashe kunnawar gaggawa, wadda ta zo tun Windows 8 a 2012, domin idan tana aiki kwamfutar ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana adana zuciyar tsarin a faifai ne ta ɗora daga nan, matsalar jiya ta kwana ta tashi da ita.

Tun daga ranar ba ta ƙara sandarewa ba, kuma ko takarda ɗaya ban rasa ba. Ladan da ya karɓa bai taka kara ya karya ba.

Inda ban gamsu ba shi ne ya bar ta a kan tsarin cikakken ƙarfi bai gaya mini ba. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramin abu ba ne: fanka ta riƙa kuka, ƙasan kwamfutar ya yi zafi, batir kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. Da na koma, ya mayar da ita tsarin yau da kullum, ya bar wancan saiti na PCI Express a kashe, ya kuma fitar mini da rahoton batir ta umarnin powercfg /batteryreport, inda aka ga abin da batirin ke riƙewa yanzu a gefen abin da aka ƙera shi da shi. Har yanzu batirin bai kai daɗewarsa ta da ba, amma na gwammace hakan da aikin da ke tsayawa a tsakiya. Zan iya tura mutum wurinsa, da sharaɗin ya nemi a rubuta masa kowane saitin da aka canza kafin ya bar shagon.