Kalkuleta mai magana da na saya wa Baba, ga abin da na gani

Wata biyu kenan muna amfani da ita to bari in faɗi gaskiya don masu irin matsalarmu. Baba shekara talatin yana butiki a Zango, mutumin da kafin ka ajiye kaya ya gaya maka kuɗinsu da ka, sai hawan jini ya kayar da shi bara, ɓarin dama ya shanye. Alhamdulillahi ƙafa ta dawo, magana ma ta dawo, amma lissafi ya tafi. Sabulu uku na dala hamsin hamsin (dala ɗaya sefa biyar ce) sai ya tsaya yana kallonka, ya kai ga yatsu su ma su rikice masa, wani lokaci har dama da hagu. Mu mun zaci mantuwa ce ko sammu (inna har rubutu ta karɓo), likita ya duba hoton sikana ya ce ciwon ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ta sama wajen baya, inda aikin lambobi yake, sunan abin akalkuliya, kuma hankalinsa lafiya lau.

Shi ne na sayo kalkuletar a kasuwar Dole jikka huɗu, sefa dubu huɗu kenan. Maɓallanta manya ne hannun hagu na iya dannawa, murya da ƙarfi, pil biyu tun ranar ban canza ba. Nan kam ba laifi.

Matsalar, da Turanci take magana, kuma ko Faransanci ne ba ta san dala ba. Mu nan ai ba wanda ke cewa 750, dala ɗari da hamsin muke cewa, kenan duk abin da ta nuna sai ka raba biyar, duk abin da mai saye ya faɗa sai ka ninka biyar kafin ka danna, to wannan ɗin ne fa Baba ya rasa. Wani sa'in ma yana son 15 sai ya danna 51, ita kuwa ba ruwanta ta ba shi amsa. Ran nan an ba shi jikka ya mayar da canjin da ya fi kuɗin kayan, Allah ya sa maƙwabci ne.

Yanzu na manna masa kwali a jikin kantar butiki, sefa gefe dala gefe, ƙanena na zama da shi bayan lakwal. Ita kalkuletar, ƙanen nawa ne ya fi morarta. Biyu cikin biyar na ba ta.